Waye ke tsaron 'ya'yanmu a jami'a, 'yan sanda ko sikiritin makaranta?

Tambayar da Alhaji ya turo ita ce, 'yarsa ta samu admishan a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, kuma hankalinsa ya ƙi kwanciya saboda labaran satar ɗalibai. Yana so ya san waye ainihin ke da alhakin tsaro a cikin jami'a, me ya sa ba a girke 'yan sanda da bindigogi a ciki ba kamar yadda ƙaninsa da ke Amurka ya ce ana yi a can, sannan me ake koya wa yaran game da kare kansu.

Toh Alhaji, da farko Allah ya sanya alheri, Allah ya sa ta fara a sa'a ta gama lafiya. Ni tsohon ɗan sanda ne, bayan na ajiye kaki na koma sashen tsaro na wata jami'a, can na ƙarasa aikina, saboda haka ɓangarorin biyu duk na zauna a cikinsu, kuma zan faɗa maka yadda abin yake a ƙasa ba yadda ake rubutawa a ƙasidar sababbin ɗalibai ba.

Mutanen nan da za ka gani a bakin get da yunifom suna duba katin shaida suna leƙa but ɗin mota, ba 'yan sanda ba ne. Ma'aikatan jami'a ne kamar akawu ko direba, suna ƙarƙashin babban jami'in tsaro da ake ce wa CSO, wanda yawanci tsohon soja ne ko tsohon ɗan sanda ko tsohon DSS, shi kuma kai tsaye shugaban jami'a, wato VC, yake kai wa rahoto. Ba su da bindiga. Abin da ke hannunsu kulki ne da tocila da rediyon oba-oba, sai babur ko motar sintiri in an samu man zuba mata. Wasu jami'o'in suna ƙarawa da masu gadi na kamfani, su ma dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana su riƙe bindiga, kuma sibil difens ce ke ba kamfanonin lasisi. Ikon kamun da suke da shi bai wuce irin wanda ni da kai muke da shi ba, wato in sun ga mutum yana aikata laifi su riƙe shi su miƙa wa 'yan sanda ba tare da jan lokaci ba. Ba su da hurumin kulle ɗalibi kwana da kwanaki a ofishinsu, ba su da hurumin dukansa don ya amsa laifi, duk da nasan ana yi a wasu wuraren kuma ba daidai ba ne. Laifin da ya shafi dokar makaranta kamar satar amsa ko shigar da baƙo hostal, kwamitin ladabtarwa ake kai shi. Wanda ya shafi dokar ƙasa kamar fashi, fyaɗe, kisa ko safarar ƙwaya, wannan na DPO ɗin yankin ne, wato shugaban caji ofis, ko makaranta tana so ko ba ta so.

Maganar ƙaninka gaskiya ce. A Amurka manyan jami'o'i da yawa suna da nasu 'yan sandan na gaske, da bindiga da mota da ikon kamu, saboda dokokin jihohinsu sun ba su dama. Mu nan sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, don haka jami'a ba za ta iya kafa tata ba, sai dai ta roƙi kwamishina ya turo mata.

Amma wallahi Alhaji in da za a ce in zaɓi abu ɗaya in ɗauko daga tsarin Amurka, ba bindigar zan ɗauko ba. A 1986 wani ɗalibi ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery a jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania ya kashe ta, bayan haka iyayenta suka gano ashe an sha aikata munanan laifuka a makarantar ba wanda ya gaya wa iyaye ko ɗalibai. Suka tashi tsaye har aka yi doka a 1990 wadda yanzu ake kira da sunanta. Dokar ta tilasta wa duk jami'ar da ke cin gajiyar kuɗin tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya ta fitar da rahoto duk shekara na laifukan da aka kai ƙara cikin shekara uku da suka wuce, ta ajiye littafin laifuka na kullum wanda kowa zai iya zuwa ya duba, kuma in akwai haɗarin da ke tafe ta sanar da ɗalibai a kan lokaci. Ka ga uba irinka a can kafin ya biya kuɗin makaranta zai iya zama ya karanta sata nawa aka yi, fyaɗe nawa aka kai ƙara. Mu nan fa? In abu ya faru, umarnin farko da ke saukowa daga sama shi ne kar a bari ya fita, kar a ɓata sunan makaranta. Na sha zama a mitin inda rabin lokacin ya tafi a kan yadda za a hana 'yan jarida ji, ba a kan yadda za a hana abin sake faruwa ba. Kuma ka duba abin da ya faru a Virginia Tech a watan Afrilun 2007, jami'a ce mai 'yan sandanta da makamansu, amma ɗalibi ɗaya ya kashe mutum 32, kuma babban abin da aka kama makarantar da shi daga baya shi ne bayan harbin farko a hostal an ɗauki wajen awa biyu kafin a tura wa ɗalibai saƙon gargaɗi. Bindiga tana nan, labari ne bai isa kunnen yara da wuri ba.

Sannan akwai dalilin da ya sa manyan malamai da tsofaffin ɗalibai ba sa son ganin ɗan sanda da bindiga yana yawo tsakanin azuzuwa, kuma ni da na sa kakin ban ga laifinsu ba. A watan Fabrairun 1971 harsashin ɗan sanda ya kashe Kunle Adepeju a jami'ar Ibadan lokacin zanga-zangar ɗalibai. A 1978 lokacin rikicin ƙarin kuɗin abinci da masauki da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go an kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Ranar 23 ga Mayun 1986 'yan kwantar da tarzoma suka shiga ABU a Samaru suka buɗe wuta, aka rasa rayuka, har yau waɗanda suka yi karatu a lokacin in ka taɓo musu maganar sai ka ga fuskarsu ta canza. Daga irin waɗannan ne al'ada ta ƙara ƙarfi cewa 'yan sanda ba sa kutsawa cikin jami'a sai hukumar makaranta ta gayyace su. Ɗan sandan da aka horar don tarwatsa taro da barkonon tsohuwa, in ka ajiye shi a gaban yara dubu ashirin masu zafin jini da ke ihu saboda babu ruwa a hostal, ƙaramar magana za ta iya zama jana'iza.

Sai dai zamani ya juya. A ƙarshen Afrilun 2012 aka kai hari tsohuwar harabar BUK a kan Kiristoci masu ibada ranar Lahadi, har da farfesoshi cikin waɗanda suka rasu. A Satumban 2013 aka shiga kwalejin aikin gona ta Gujba a Yobe cikin dare aka kashe ɗalibai fiye da 40 suna barci. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin jami'ar Maiduguri da asuba, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu, kuma a shekarar ne aka haƙa dogon rami a gefen jami'ar da ke kallon daji don tare masu shigowa. Daga nan babu mai hankalin da zai ce mai kulki da tocila ya isa. Shi ya sa yanzu za ka tarar da ƙaramin caji ofis a bakin get ko kusa, ko 'yan sibil difens, wani wurin har sojoji. Ra'ayina shi ne masu bindiga su tsaya a kewaye, a get da bayan katanga da hanyoyin da ke fitowa daga daji, cikin makaranta kuma a bar wa sikiritin da suka san yaran, amma a haɗa su da layi ɗaya na rediyo kuma su riƙa zama tare duk wata. Domin kusanci kaɗai ba ya hana komai, kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe ɗalibai 39 a watan Maris na 2021 maƙwabciyar makarantar horar da hafsoshin soja ce ta NDA a Kaduna. Wata guda bayan nan aka shiga jami'ar Greenfield a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma biyar daga cikin ɗaliban da aka ɗauka gawarsu aka tsinta, Allah ya jiƙansu. Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta duniya, a 2023 ma an buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin sibil difens a Abuja, duk abu ne mai kyau, amma tsakanin Abuja da ɗakin da 'yarka za ta kwana akwai nisa.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka, don nan ne yawancin iyaye ba sa dubawa. Uba zai zo ya ga ƙaton get da fenti da masu gadi, ya ce alhamdulillahi makarantar nan akwai tsaro, ya juya gida. Bai tambaya ba ko 'yarsa a cikin wannan katangar za ta kwana. Gadajen hostal a jami'o'inmu ba su isa ko kusa ba, an gina su ne lokacin ɗalibai ba su kai rubu'in na yanzu ba, saboda haka mafi yawa a gidajen haya na unguwanni da ƙauyukan da ke zagaye da makaranta suke zaune. Ka koma ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya. Kisan ɗalibai na Mubi a farkon Oktoban 2012 a unguwar Wuro Patuji aka yi, inda ɗalibai ke haya. Ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau da aka kwashe ranar 22 ga Satumban 2023, yawancinsu mata, a gidajen haya na Sabon Gida aka same su. Ko sati biyu ba a yi ba aka ɗauki ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Ba ta get aka bi ba.

Abin da ke faruwa shi ne waɗannan gidajen sun faɗa tsakani, babu mai su. In ka tambayi jami'a za ta ce hurumina ya ƙare a katanga. In ka tambayi DPO zai ce yana da gari guda da ƙauyuka barkatai a wuyansa da mota ɗaya da 'yan mutane ƙalilan, kuma ba ƙarya yake ba, na zauna a wannan kujerar ta caji ofis na san yadda dare yake in kira biyu suka shigo lokaci guda. Mai gida kuma kuɗin hayarsa na shekara kawai ya sani, ya jera ɗakuna goma sha biyu a bakin gona, ƙofar langa-langa, katanga iya ƙirji, babu fitila babu mai gadi, kuma saboda ya fi araha nan yaran talakawa ke tafiya. Su kuma masu garkuwa ba a makance suke zuwa ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, akwai infoma a unguwar da ya san wane gida ne na 'yan mata zalla, wacece ake kawowa a babbar mota, ƙarfe nawa 'yan sintiri ke komawa gida. Wani lokacin mai kawo ruwa ne, wani lokacin ɗan acaɓan da kullum shi ke ɗaukarsu, kuma ba ina cewa a zargi kowane talaka mai neman halalinsa ba, ina cewa yarinya ta san irin hirar da take yi da wanda ba ta sani ba.

Don haka in da hali, ka yi duk iya ƙoƙarinka ta samu gado a cikin makaranta ko da ɗakin ya cika ko da banɗakin bai yi mata ba, musamman shekarar farko. In bai samu ba, kar ka bar wa ejan ko ƙawa zaɓen gida ta waya. Ka je da ƙafarka, kuma ka koma ka ga wurin bayan isha'i don unguwa da rana daban da dare daban. Gidan ya kasance a tsakiyar mutane, inda akwai magidanta da iyalansu, ba na ƙarshe da ke kallon daji ko rafi ba. Ka duba akwai sabis na waya a cikin ɗakin kuwa, don akwai gidajen da sai an fito waje ake samun kira. Ka je ka gaida mai unguwa, ka gabatar da kanka, ka ce ga 'yata amana, ka tambaya ko akwai 'yan sintiri da nawa ake bayarwa a wata, ka biya. Wannan gaisuwar ta minti goma tana aiki fiye da yadda kake zato, don yarinyar da mai unguwa da limami suka san ubanta ba a kallonta kamar baƙuwar da ba ta da kowa.

Kuma kar labarin 'yan bindiga ya rufe maka ido daga abubuwan da suka fi yawa. A littafin rahotonmu na kullum, abin da ya fi cika shafi shi ne satar waya da laftof a ɗaki da masallaci da laburare, ƙwacen waya a hanyar dawowa daga karatun dare, haɗarin babur da adaidaita a bakin get, gobara, shaye-shaye, faɗan samari, damfarar masu cewa za su sama wa yaro gado ko su gyara masa sakamako, sai kuma cin zarafin 'yan mata wanda shi kaɗan ne daga cikinsa ke isowa littafin.

Wannan ya kawo ni kan tambayarka ta ƙarshe, me ake koya musu. Gaskiya abin kunya ne. Ana yin oriyanteshan sau ɗaya, a tara yara dubbai a babban hol, lasifika na ƙara, rabi suna waje ba su samu kujera ba, wasu ma ba su gama rajista ba balle su zo. Magatakarda ya yi magana, mai kula da laburare ya yi, likita ya yi, sai can a ƙarshe a ba CSO minti goma, shi kuma ya ƙare su a kan gargaɗi, kar ku shiga ƙungiyar asiri, kar ku yi shigar banza, duk wanda muka kama za mu kore shi. Yaro ya fita daga hol ɗin da fahimtar cewa sikiriti abokin gaba ne da ke neman laifinsa. Toh ranar da ya ga wasu baƙin fuskoki suna zagaya bayan hostal, wa zai je ya gaya wa? Wanda ya ƙwace masa kati jiya saboda askinsa?

Koyar da tsaro ba lakca ba ce, maimaici ne da gwaji. Abin da na ga yana aiki shi ne a bi su hostal hostal, sashe sashe, mutum hamsin ko ɗari, a farkon kowane zango, a tafi da ɗan sandan yankin cikin kayan gida da ma'aikacin kashe gobara da ma'aikaciyar jinya, a bar yaran su yi tambaya. A sa kowa ya fito da wayarsa a nan take ya adana lambar ɗakin rediyon sikiriti da ta kilinik, a kuma kira lambar a gabansu su ji an ɗauka, domin na san inda aka buga lamba a allo alhali wayar tana cikin durowar wani da ya tafi hutu. Lambar 112 kyauta ce kuma ya kamata kowa ya san ta, amma a aikace lambar wanda ke da nisan minti biyar da kai ta fi saurin amfani.

A koya musu in sun ji harbi abin da za su yi. Yawancin yara da sun ji ƙara sai su fito a guje su nufi get gaba ɗaya, ko su tsaya a taga suna ɗaukar bidiyo. In harbin na nesa kuma ka san hanyar da ba ta nufi wurin, ka fita ka bar kaya. In yana kusa, a kashe fitila, a kulle ƙofa a tokare ta da gado, a kwanta ƙasa nesa da taga, a sa waya a shiru, mutum ɗaya ya tura saƙo ya faɗi sunan gidan da inda ƙarar ke fitowa. In kuma Allah ya ƙaddara an riga an shigo an ritsa mutum da bindiga, ba wurin gardama ba ne ko nuna jarumta. Haka gobara. Hostal ɗin mata cike yake da hita da risho da ƙaramar tukunyar gas da soket ɗaya da aka jona wa abu shida, tagogi duk da ƙarfe, sannan sai ka tarar an sa wa ƙofar baya kwaɗo saboda kar a riƙa satar fita, makullin kuma yana hannun wanda ba ya nan. Na yi rigima sosai a kan wannan kwaɗon a inda na yi aiki. Yarinya nawa ce ta taɓa riƙe abin kashe gobara ta cire fil ɗin ta fesa? Nawa ne suka san ba a watsa wa wutar lantarki ko ta mai ruwa? Wannan abu ne da za a gwada a fili da tsohuwar taya da ɗan kananzir cikin rabin awa, kuma wanda ya yi da hannunsa sau ɗaya ba ya mantawa. A yi atisayen fita da jiniya ko sau ɗaya a zango, da dare ba da rana ba, a ga minti nawa ake ɗauka kafin kowa ya fito.

Akwai kuma darasin da ba a so a taɓa, na taron dangi. Ihun ɓarawo a cikin ɗalibai ya fi komai ba ni tsoro, don cikin minti biyu mutum ɗari sun taru kuma babu wanda ya san me aka sata. A Oktoban 2012 a Aluu kusa da jami'ar Fatakwal haka aka kashe ɗalibai huɗu a kan zargin sata. A Mayun 2022 a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ɗakin masu gadi aka kai ɗalibar da ake zargi da ɓatanci, taron ya fi ƙarfinsu. Ko menene zargin, akwai hukuma akwai kotu, kuma dole a faɗa wa yara ƙarara cewa wanda ya jefa dutse ɗaya a irin wannan taron zai iya tsintar kansa a gaban alƙali da tuhumar kisa, karatu ya ƙare, rayuwa ta lalace. Yawancin irin wannan wutar a guruf ɗin WhatsApp na aji take fara ci, haka ma jita-jitar ga 'yan bindiga nan sun shigo da ke sa yara su tattake juna a bene. Shi ya sa makaranta ke bukatar hanya ɗaya sananniya ta tura saƙo ga kowa cikin minti kaɗan, in hukuma ta yi shiru jita-jita ce za ta yi magana a madadinta.

Su kuma san haƙƙinsu in sun haɗu da 'yan sanda a hanya, don tsoron ɗan sanda ma yana hana kai ƙara. Beli kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Mutum na da damar a sanar da danginsa ko lauyansa. Ɗalibi ya riƙe katinsa, ya yi magana da ladabi, kar ya yi kokawa, ya kira ofishin harkokin ɗalibai ko CSO, mu muke zuwa mu tsaya musu.

Sai maganar da ta fi shafar 'yarka, kuma a nan kai ne malamin ba mu ba. Yarinyar da malami ya matsa mata, ko wani ya bi ta, ko aka yi mata abin da ya fi haka, abu na farko da take tunani ba caji ofis ba ne, tunaninta in Baba ya ji zai cire ni daga makaranta, ko a ce ni na ja. Saboda haka sai ta yi shiru, shi kuma mugun ya samu ƙofa ya ci gaba da ita da wasu. Na ga yaran da suka zo ofis suna kuka suna roƙon mu rufa musu asiri kar gida su ji, ba don sun yi laifi ba. Dan Allah Alhaji kafin ta tafi ka zaunar da ita kai da mahaifiyarta, ka gaya mata da bakinka cewa duk abin da ya same ta ta faɗa, ba za ka raba ta da karatunta ba kuma ba za ka fara da zarginta ba. Ta adana saƙonni in wani yana damunta, kar ta goge, kar ta je ofishin kowa ita kaɗai bayan an tashi, in abu ya faru ta fara zuwa asibiti da wuri kafin komai don akwai magungunan kariya da ba sa aiki in an wuce kwana uku. Ka kuma tambayi makarantar ko akwai mata a cikin sikiriti da ke aikin dare, da ofishin da ake kai irin wannan ƙarar ba tare da an tsaya a gaban maza biyar ana maimaita labari ba.

Wani abu da ke ci min rai, mutumin da aka ɗora wa tsaron dubban yara sau da yawa shi ne mafi ƙarancin albashi a makarantar, wasu ma na wucin gadi ne ana bin su watanni, awa goma sha biyu a tsaye cikin sanyin hunturu babu rigar sanyi babu batir a tocila. Wanda ke cikin wannan halin naira dubu ɗaya za ta iya sa ya ɗaga wa mota hannu ba tare da ya duba ba. In kun samu zama da hukumar makaranta a matsayinku na iyaye, ku tambayi wannan ma.

Ranar da za ka kai ta rajista, bayan an gama da banki da takardu, ka ja ta ku je ofishin tsaro tare, ku gaisa, ka karɓi lambar ɗakin rediyo ka kira ta a wurin. Ka tambaye su wane caji ofis ne ke kula da yankin, minti nawa suke ɗauka in an kira su da dare, yaushe rabon da a yi atisayen gobara a hostal ɗin mata, kuma suna da rajistar gidajen hayar da ɗalibai ke zaune ko babu. Yadda suka amsa maka zai nuna maka irin wurin da za ka bar ta. Ka karɓi lambar abokiyar ɗakinta da ta matar da ke kula da hostal, ita ma ta haddace lambarka da ta mahaifiyarta a ka saboda ranar da waya za ta ɓata. Tafiya gida hutu kuma ta shiga mota a tasha da safe, ba a bakin hanya ba, ta turo maka lambar motar kafin su tashi.